Albarushi, Roka da Tsakar Gida: Darasin da Zamfara Ta Riga Ta Biya Kuɗinsa

A hutun ƙaramar Sallar da ta wuce na je Gummi gaida yayata. Bayan la'asar muna zaune a zaure, ɗanta na fari, wanda yake aji biyu na babbar sakandare a ɓangaren kimiyya, ya miƙo mini wayarsa. Bidiyon wani Bature ne a cikin garejin gidansa yana narka wani abu a tukunya, ya zuba shi cikin bututu, ya ajiye har ya daskare. Daga nan aka nuno shi a wani fili, ya danna maɓalli, bututun ya tsaga sama da ƙara, ya bar farin hayaƙi a bayansa.

"Kawu," in ji yaron, "mi ka hana mu yin irin wanga abu? Kayan duk akwai su kasuwa."

Na ba shi amsar da kowane babba zai bayar: kada ka kuskura. Ya yi shiru, ya mayar da wayar aljihu. Amma a hanyata ta komawa, tsakanin Daki Takwas da Anka, sai na ga cewa na hana shi ne kawai, ban amsa masa ba. Tambayarsa tana da amsa a tarihi, kuma wani yanki na wannan tarihin a ƙauyukan da motarmu ke ratsawa ya faru.

Tazarar da ke tsakanin roka da bam

Sai mun fahimci abin da Baturen nan yake zubawa a bututu kafin labarin ya zauna. Rokoki iri biyu ne: masu aiki da makamashi na ruwa, da masu aiki da daskararren makamashi. Na biyun shi ne mafi tsufa, kuma kakansa albarushi ne. Abin da ya raba shi da itace ko kananzir shi ne yana ɗauke da iskar oksijin da wuta ke buƙata a cikin jikinsa. Saboda haka idan ya kama, rufe shi da bargo ko tulin ƙasa ba ya kashe shi. Sai ya ci kansa ya ƙare.

A cikin bindiga ana son albarushi ya ƙone duka a ƙiftawar ido. A cikin roka kuwa ana son ya riƙa ci a hankali, daga fuskar da wuta ta taɓa zuwa ciki, hayaƙin yana fita da ƙarfi ta wata ƴar ƙofa a ƙasa, wanda shi ke tura rokar sama. Duk lissafin ya rataya ne a kan faɗin fuskar da ke ci da wuta. Idan aka sami tsagewa a cikin daskararren makamashin, ko wani kumfan iska da ido bai gani ba, wuta za ta shiga ta nan, fuskar da ke ci ta ƙaru, matsin hayaƙi ya hau, hawan matsin kuma ya ƙara wa wutar sauri. Kafin mutum ya ja da baya bututun ya tarwatse. Wato tsagewa guda, wadda ba ta kai kaurin gashi ba, ta isa ta mayar da roka bam. Kuma galibin masu jikkata ba a filin harbi suke jikkata ba, a wurin haɗawa ne, lokacin da fuska da hannaye ke kan tukunya.

Mu ma mun taɓa riƙe wannan ilimi

Sinawa ne suka gano albarushi a wajen ƙarni na 9, kuma an ruwaito sun yi amfani da kibau masu wuta a kan Mongol lokacin da aka yi wa birnin Kaifen ƙawanya a 1232. A wajen 1280 wani masanin yaƙi a ƙasar Sham, Hasan al-Rammah, ya rubuta littafi mai ɗauke da haɗe-haɗen albarushi sama da ɗari, cikinsu har da na rokoki. Daga Larabci muka sami kalmomin biyu, albarushi da bindiga. A ƙarshen ƙarni na 18 sojojin Tipu Sultan na Maisur a kudancin Indiya sun wahalar da Ingilishi da rokoki masu bututun ƙarfe, waɗanda Ingilishin suka kwashe suka kwaikwaya daga baya.

A yankinmu, Imam Ahmad ɗan Fartuwa ya ba da labarin ƴan bindigar Turkawa a rundunar Mai Idris Aloma na Borno a ƙarni na 16. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari, wajen 1731 zuwa 1743, aka kawo bindigogi daga Nufe, kuma Babba Zaki ne sarki na farko da ya kafa dogarai ƴan bindiga. Duk da haka bindiga ba ta yawaita da wuri ba. Lokacin da Baturen nan Kilafaton ya bi rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello zuwa yaƙin Gobir a 1826, bindigogin da ya ƙirga a cikin dubban mayaƙa ba su kai hamsin ba.

Wanda ya mayar da abin masana'anta shi ne Sarkin Damagaram Tanimun, a doguwar sarautarsa daga 1851 zuwa 1884. Masana tarihi na ambaton bindigogi wajen 6,000 da igwa wajen 40 a hannunsa. Abin lura shi ne ba duka ya saya ba. A Zinder maƙera ke zuba igwa, a nan ake haɗa albarushi. Aikin yana ƙarƙashin fada: akwai waɗanda aka ware dominsa, akwai wanda ke biyan kuɗin kaya, akwai wanda za a tuhuma idan abu ya lalace.

Wannan hanyar ta toshe kafin ta yi nisa. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta taƙaita shigo da makaman zamani cikin mafi yawan Afirka, sannan mulkin mallaka ya karɓe ikon makami daga hannun sarakuna. Dokar Makamai ta 1959 da Dokar Abubuwan Fashewa ta 1964 suka ɗora a kai. Ilimin bai mutu ba, amma ya rasa uban gida. Ya koma hannun mafarauta, da maƙeran ƙauye, da ƴan bindigar sarki waɗanda muke jin ƙararsu ranar hawan Salla, a ƴan shekarun nan kuma da ƴan sa-kai. Ana gadonsa baki da baki, ana awo da tafin hannu, ba a rubuta sakamakon gwaji, kuma duk wanda ya taso a karkara ya san wani maharbi da bindiga ta fashe masa a hannu. Sana'ar da ba a rubuta kurakuranta, kowane zamani sai ya sake biyan kuɗin kuskuren da na baya ya riga ya biya.

Mutumin da ya zuba kwalta a roka

Abin da Baturen bidiyon yake yi, wato narkawa a zuba a bari ya daskare, yana da mafari sananne. A ranar 31 ga Oktoba 1936 wasu samari suka yi gwajin injin roka a wani busasshen kwari mai suna Aroyo Seko, kusa da birnin Fasadina a Kalifoniya. Jagororinsu uku ne: Frank Malina, ɗalibin digiri na uku a Caltech, da Ed Forman, makaniki, da Jack Parsons, wanda ya koya wa kansa ilimin sinadarai kuma bai kammala jami'a ba. Farfesa Theodore von Kármán ya ba su mafaka a jami'ar. Bayan gwaje-gwajensu sun jawo ɓarna da fashewa a harabar makaranta, sai aka yi musu laƙabi da gungun masu neman kashe kansu, aka kuma mayar da su can cikin kwarin, nesa da mutane.

Matsalar da ta addabe su ita ce wadda muka bayyana a sama. Suna danna garin makamashi cikin bututu da ƙarfi, amma idan ya kwana biyu a ajiye, zafi da sanyi suka bi ta kansa, sai ya tsage ya fashe a lokacin harbi. A 1942 Parsons ya kawo shawarar a haɗa makamashin da narkakkiyar kwalta, a zuba shi yana ruwa-ruwa, ya daskare ya manne da bangon bututu ba tare da ya tsage ba. Daga wannan dabara aka haifi manyan rokoki masu daskararren makamashi, har da waɗanda suka riƙa ɗaga kumbon Amurka mai zuwa ya dawo daga 1981. Ƙungiyar samarin ce ta zama cibiyar JPL, wadda a yau take tuƙa motoci a duniyar Mas.

Ƙarshen Parsons shi ne abin da ba a cika faɗa wa yara ba. A ranar 17 ga Yuni 1952, yana da shekara 37, abubuwan fashewa suka tashi da shi a ɗakin gwajin da ya haɗa a gidansa. A lokacin ba mutane da yawa a duniya suka fi shi sanin wannan fanni ba. Saninsa ya yi masa aiki a kwarin da aka keɓe, tare da abokan aiki da shingen buhunan yashi. A gida kuwa, shi kaɗai, bai cece shi ba.

Yaran Sputnik da mai sayar da takalma

Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan'adam na farko, Sputnik, ranar 4 ga Oktoba 1957. Dubban yaran Amurka suka ga ɗigon haskensa yana ratsa sama da dare, suka shiga ɗakunan ajiya na gidajensu suna cusa sinadarai cikin bututun ƙarfe. Jaridun lokacin sun cika da labaran yatsun da suka guntule da idanun da suka makance, har ƙungiyar injiniyoyin roka ta ƙasar ta fito tana kira a hana yara wannan wasa gaba ɗaya.

Cikin waɗannan yara akwai Homer Hickam, ɗan wani garin haƙar kwal mai suna Kolwud a Bajiniya ta Yamma, gari irin namu da ya dogara da abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Rokarsa ta farko shingen lambun mahaifiyarsa ta tarwatsa. Abin da ya sauya labarinsa mutane ne: malamar kimiyya, Freida Riley, ta ba shi littafin lissafin roka, maƙeran kamfanin kwal suka riƙa yanka masa ƙarfe bisa awo, aka kuma ba su wani tsohon juji a bayan gari su riƙa gwaji. A 1960 aikinsu ya ci lambar zinariya a gasar kimiyya ta ƙasa, daga baya shi kuma ya zama injiniya a hukumar NASA.

Amma ba kowane yaro ke samun irin wannan malama ba. Maganin da ya wadaci kowa ya fito ne daga wani mai sayar da takalma a jihar Nebaraska, Orville Carlisle, wanda yake da lasisin haɗa kayan wasan wuta. Ya ƙera ɗan ƙaramin injin roka a cikin bututun takarda, wanda ake amfani da shi sau ɗaya a jefar. A 1957 ya aika wa G. Harry Stine, jami'in kiyaye haɗari a filin gwajin makamai na Wait Sans. Stine ya gane abin da ke hannunsa nan take. A shekarar ya kafa ƙungiyar masu ƙananan rokoki ta ƙasa, ya rubuta mata ƙa'idoji: jikin roka na takarda ne da itace marar nauyi, ba ƙarfe ba, da lantarki ake kunnawa daga nesa, kuma ba wanda zai haɗa makamashi da kansa. Zuwa 1959 Vernon Estes ya ƙera na'urar da ke fitar da inji guda a cikin daƙiƙa biyar da rabi, ba tare da hannun mutum yana kusa da garin ba.

Stine bai hana yara roka ba. Ya raba aikin ne gida biyu. Zane, lissafi, ƙira, harbawa da auna tsayi, duk ya bar wa yara. Haɗa makamashi kuwa, wanda shi ke kisa, ya fitar da shi daga gida ya kai masana'anta. An harba ɗaruruwan miliyoyin irin waɗannan rokoki tun daga lokacin. Masu son zuba nasu makamashin har yanzu suna nan, amma manya ne masu shaidar ƙwarewa daga ƙungiya, kuma da izinin hukumar jiragen sama suke harbawa. A ranar 17 ga Mayu 2004 wata ƙungiyar irinsu ta harba roka a hamadar Nebada ta kai nisan kilomita 116, karo na farko da rokar ƴan sha'awa ta shiga sararin samaniya.

Dareta da Yargalma, 2010

Mai karatu zai iya cewa wannan duk labarin Amurka ne. To, ga namu. A ƙarshen shekarun 2000 farashin zinariya ya tashi a duniya, har ya haura dala 1,000 kowane oza. Mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum, waɗanda suka daɗe suna ɗan taɓa haƙa a lokacin rani, suka koma kanta gadan-gadan. Ba wanda ya koya musu a aji. Da kansu suka gane dutsen da ke da zinariya, suka mayar da injin niƙan hatsi na niƙan dutse, suka koyi kama zinariya da sinadarin makuri. Wannan ma ilimin sinadarai ne na gida, kuma akwai basira a cikinsa.

Kuskuren shi ne wurin da aka yi aikin. An riƙa kawo dutsen cikin gari, ana daka shi a turmi, ana niƙa shi, ana shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Dutsen kuwa cike yake da dalma. Agwagi ne suka fara mutuwa, ba a kula ba. A watan Maris na 2010 ma'aikatan Ƙungiyar Likitoci Na-Gari-Na-Kowa, waɗanda suka fita bin sawun sanƙarau, suka tarar da yara na farfaɗiya suna mutuwa, maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙwayoyin cuta ba ya yi musu komai. Binciken da Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta yi a Dareta da Yargalma a watan Mayu ya nuna cewa kashi ɗaya cikin huɗu na yara ƴan ƙasa da shekara biyar sun rasu a cikin shekara guda. A wasu wurare dalmar da ke cikin turɓaya ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali iyakar da Amurka ta sa wa wurin wasan yara a lokacin 400 ce. An ƙiyasta cewa yara sama da 400 suka rasu, dubbai kuma suka rayu da gubar a jininsu.

Maganin ya zo a matakai uku, kuma jerin yana da muhimmanci. Likitoci sun ce ba amfanin wanke jinin yaro idan zai koma kan turɓayar da ta sa masa cutar. Don haka sai da aka fitar da niƙan dutse daga cikin gari, da sa hannun sarakuna da masu unguwanni, sannan aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, sannan aka ci gaba da magani. An yi haka a Dareta, Abare, Yargalma, Sunke, Tungar Daji, Duza da Tungar Guru tsakanin 2010 da 2011. Bagega, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka share ta, bayan matasa sun matsa wa gwamnatin tarayya lamba ta saki kuɗin da ta yi alkawari. Hana haƙar gaba ɗaya bai yi aiki ba, domin wanda zinariya ke ciyar da iyalinsa ɓoyewa zai yi, kuma ba inda ya fi cikin gida sauƙin ɓoyo. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, ta kashe yara 28.

Abin da Stine ya gano a 1957 shi ne muka gano a 2010 da gawarwakin ƴaƴanmu: sha'awa da buƙata ba sa jin hani, amma ana iya raba aiki, a fitar da ɓangarensa mai kisa daga inda ake kwana ana girki.

Abin da ya rage wa yaron Gummi

Halin da ɗan yayata yake ciki ya fi na Hickam tsanani. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a Zamfara saboda ƴan bindigar daji, kuma a Maris 2021, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaliban Jangebe, ta hana jirage shawagi a sararin jihar. A irin wannan wuri, matashin da aka tarar da bututu da sinadarai a ɗakinsa ba za a tsaya tambayarsa ko gwajin kimiyya yake yi ba. Doka ma ba ta tare da shi, domin haɗa abin fashewa ba da lasisi ba laifi ne. Ko da tukunyar ba ta tashi da shi ba, sautin gwajinsa kaɗai ya isa ya jawo wa unguwa abin da ba ta shirya ba.

Duk da haka ƙasar nan tana buƙatar irinsa. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya a 1999, tana kuma da cibiyar binciken roka a Efe ta jihar Legas. Amma tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, a Ingila aka ƙera shi, daga Rasha aka harba shi a Satumbar 2003, kuma duk waɗanda suka biyo baya rokokin wasu ƙasashe ne suka ɗaga su. Injiniyoyin da za su sauya wannan suna cikin azuzuwan sakandare a yanzu.

Abin da muke binsu bashi shi ne rabon aikin da Stine ya yi. Ana iya harba rokar ruwa da gorar lemo da famfon keke, ba wuta ba sinadari, ta tashi mita da dama, kuma duk dokokin motsi na Niyuton suna cikinta. Ana auna tsayin da ta kai da ma'aunin kusurwa da lissafin aji biyu. Ɓangaren makamashi kuwa aikin jami'a ne da cibiyoyi masu lasisi. Jami'ar Tarayya ta Gusau, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, duk suna kusa da waɗannan garuruwa, kuma gasar shekara-shekara ta makarantu ba ta fi ƙarfin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai guda ba. Da yawa daga masu karanta wannan wasiƙa injiniyoyi ne da malamai da likitoci waɗanda suka fito daga irin waɗannan makarantu.

Mako biyu bayan Salla na kira yaron. Na ba shi labarin Parsons har ƙarshensa, na kuma tambaye shi abin da ya sani game da Yargalma, wadda ba ta da nisa da garinsu. Ya ce ya taɓa ji, amma ya ɗauka aljanu ne suka kashe yaran. Na aika masa da kuɗin famfon keke da littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, da sharaɗi biyu: a filin makaranta za a yi, gaban malaminsu na fiziks, kuma kowane harbi sai ya rubuta yawan ruwan da ya zuba, da kusurwar da ya auna, da abin da ya lalace.